Fatalwar Bakteriya da Maganin Kansa: A Gwada Ta Kafin a Yi Mata Kirari

Ranar da aka fara yi wa gwaggona allurar maganin kansa ina zaune a gefen gadonta. Nas ɗin ta shigo da safar hannu biyu-biyu, ga riga mai dogon hannu a kan kayan aikinta, tana riƙe da ƙaton sirinji cike da wani ruwa ja wur. Gwaggo ta bi ta da kallo tun daga ƙofa, sannan ta juyo gare ni ta rage murya: "Ɗan nan, abin da ita ba ta yarda ya ɗiga a hannunta ba, shi za ta zuba mini a jijiya?" Na yi shiru. Ashe nas ɗin ta ji, sai ta yi murmushi ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Guba ce kam, amma ciwon zai fi ki jin ta."

Sunan jan ruwan nan doksorubisin, kuma nas ɗin ba ta yi ƙarya ba. Maganin yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, na kansa kuwa su ne kan gaba wajen wannan sauri. Sai dai tushen gashi ma yana da sauri, haka fatar cikin baki, haka ɓargo mai samar da jini, don haka kowa sai ya sami rabonsa. Mafi muni ita ce zuciya. Ɓarnar da maganin ke yi mata taruwa take yi, shi ya sa likitoci suka yi masa iyaka ta tsawon rayuwa, wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikin mutum. Idan majinyaci ya kai wannan iyaka sai a dakata, ko da kuwa maganin na cin ƙarin.

Tun farkon ƙarni na 20 likitan nan Bajamushe Paul Ehrlich ya yi mafarkin abin da ya kira harsashin sihiri, wato maganin da zai wuce lafiyayyen nama ya je ya sami cuta ita kaɗai. Cikin dabarun da aka ɓullo da su don cika wannan buri akwai wadda takan dawo cikin labarai lokaci-lokaci: a ɗauki ƙwayar bakteriya, a raba ta da abin da ke sa ta rayu ta hayayyafa, a cika ɓawonta da magani, a aika shi ga ƙarin. Ina ganin dabarar ta cancanci kuɗi da haƙuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake tallata ta, kamar haƙa ta riga ta cimma ruwa, da kuma yadda ake kwatanta ɓawon a matsayin ambulan kawai wadda ba ruwanta da jiki.

Hanyoyi biyu ne suka fi suna, ɗaya daga Ostiriya, ɗaya daga Ostireliya, kuma ba laifin mai karatu ba ne idan ya haɗa su. A Jami'ar Biyana, Werner Lubitz da abokan aikinsa sun aro wata ƙwayar gado mai suna E daga wani bairos da ke cin bakteriya. Sukan dasa ta a cikin bakteriyar, su bar ta ta yi ta hayayyafa a tulun gilashi har ruwan ya yi kauri ya turɓune, sannan su ɗaga zafin ruwan kaɗan. Zafin ne ke tayar da ƙwayar gadon. Ita kuma sai ta sa a ƙera wani ɗan furotin da ke huda rami guda a bangon bakteriyar, matsin da ke ciki ya feso da duk kayan cikinta waje. Nan da nan sai a ga ruwan tulun ya fara washewa. Abin da ya rage shi ne bango da siffarsa da duk zanen jikinsa, ciki kuwa wayam. Wannan ne suka raɗa wa suna fatalwar bakteriya. Ana iya busar da ita ta zama gari, a ajiye ta tsawon lokaci ba tare da firji ba. A shekarar 2004 sun nuna cewa fatalwar da aka cika da doksorubisin ta fi maganin tsura kashe ƙwayoyin kansar hanji nesa ba kusa ba, amma a cikin faranti ne na ɗakin bincike. Galibin aikin fatalwa a kan kansa bai wuce faranti da ɓeraye ba.

Hanya ta biyu ta fi nisa, kuma asalinta kuskure ne na halitta. Bakteriya takan rabu gida biyu ne daga tsakiyarta. A 1967 Howard Adler da abokansa a Amurka suka ci karo da wani nau'i da ya rasa saiti, yana yankewa daga can ƙarshe, yana zubar da 'yan ƙananan ƙwallaye waɗanda babu kundin gado a cikinsu. Ba sa iya haihuwa, ba sa iya zama cuta. Shekaru da dama masu bincike ba su ɗauke su komai ba sai kayan gwaji. Himanshu Brahmbhatt da Jennifer MacDiarmid, waɗanda suka kafa kamfanin EnGeneIC a Sidni, su ne suka mayar da su jakar magani. Daga bakteriyar salmonela suke samar da nasu, kowanne faɗinsa nanomita 400, wato sai an jera 2,500 kafin su cika milimita ɗaya. Sukan tace su a raba su da iyayensu masu rai, a jiƙa su cikin magani har su sha, sannan a manna musu wani furotin na garkuwar jiki mai hannu biyu. Hannu ɗaya yana riƙe da ɓawon, ɗayan yana laluben wata alama mai suna EGFR da ke da yawa a jikin ƙwayoyin kansa iri-iri. Idan ya kama, ƙwayar kansar da kanta take haɗiye jakar, ta fasa ta a cikinta, gubar ta bazu. Kowace jaka na ɗaukar ɗaruruwan dubban ɗigon magani, alhali furotin ɗin garkuwa da ake ɗaura wa magani kai tsaye, irin wanda ake amfani da shi a asibitoci yanzu, ba ya ɗaukar fiye da guda takwas. Sun buga sakamakonsu na farko a mujallar Cancer Cell a 2007, inda ƙarin da aka dasa wa ɓeraye ya motse da ɗan magani ƙalilan.

Wani abin ban sha'awa, doksorubisin ɗin kansa daga bakteriya aka samo shi, wata da aka tono a ƙasar kudancin Italiya. Wato gubar da wata bakteriya ta haɗa ake durawa a gawar wata. Da ɗan gari akan ci gari.

To, da aka zo kan mutane fa? A gwajin farko da aka buga a 2015, majinyata 28 masu kansa iri daban-daban da ta yi nisa sun karɓi jakunkunan ɗauke da maganin fakilitaksil. Goma daga cikinsu ciwonsu ya tsaya cik na wani lokaci. Babu ko ɗaya da ƙarinsa ya ragu. A shekarar dai aka buga wani gwajin a kan mutum 14 masu muguwar kansar ƙwaƙwalwa da ta dawo bayan magani. A 2017 mujallar Lancet Oncology ta buga gwajin da Nico van Zandwijk ya jagoranta a kan masu kansar tantanin da ke lulluɓe huhu, wadda shaƙar ƙurar asbestos ke haddasawa, cutar da ta addabi Ostireliya ƙwarai. An yi wa mutum 26, aka iya auna sakamakon 22: mutum 15 ciwon ya tsaya, shida ya ci gaba, mutum ɗaya kuma ƙarinsa ya ragu sosai. A 2024 aka buga na kansar fankiriyas, gaɓar nan ta cikin ciki da ke samar da insulin, mai mutum 25.

Kada a zalunci waɗannan alƙaluma. Gwaje-gwajen matakin farko ne, kuma aikin matakin farko shi ne gano ko jiki zai iya ɗauka, da kuma adadin da zai ɗauka. Mutanen da ke shiga irinsu galibi sun gama zagaye duk magungunan da ake da su. Ta wannan fuska dabarar ta ci jarrabawa: an zuba biliyoyin ɓawon bakteriya a jinin mutane marasa ƙarfi, akasarinsu kuma suka jure. Amma dukkan gwaje-gwajen nan da na lissafa babu wanda aka ajiye wani rukunin majinyata a gefe ana ba su maganin da aka saba don a kwatanta. Idan aka ce ciwon mutum goma ya tsaya, tambayar da ke biye ita ce, da ba a ba su komai ba, nawa ne nasu zai tsaya? Kansa ba gudu ɗaya take yi ba. Wata tana tafiyar hawainiya da magani ko babu. Shi kuwa mutum ɗayan nan da ya sami sauƙi, abin murna ne gare shi da iyalinsa, kuma dalili ne na ci gaba da bincike, amma ba hujja ba ce da likita zai kafa ya rubuta wa na gaba. Tun 2007 ake wannan tafiya, har yau babu hukumar kula da magunguna da ta ba jakar bakteriya lasisin shiga asibiti.

Ba wani abin mamaki ba ne. Wani nazari da masana a cibiyar MIT ta Amurka suka buga a 2019 ya nuna cewa cikin magungunan kansa da ke shiga gwajin mutane, kashi 3.4 cikin ɗari ne kawai ke kaiwa ga samun lasisi. Ɓera ba mutum ba ne. Ƙarin da aka dasa masa a ƙarƙashin fata cikin makonni yake girma, jijiyoyin jininsa duk huji ne, komai ya zo sai ya tsiyaya ciki. A kan wannan tsiyaya, wadda Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan a 1986, aka gina kusan duk fatan kai magani da ƙananan jakunkuna. Ƙarin ɗan Adam kuwa shekaru yake yi yana ginuwa, wani ya yi tauri kamar kanta, matsin da ke cikinsa yana tura abubuwa waje. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma a kan dabbobi, ta gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na ƙananan jakunkunan da aka yi allurarsu ke isa ga ƙarin. Kaso mai yawa hanta da saifa ne ke tsince shi, don aikinsu ke nan. An yi wa wannan lissafi raddi, cewa maganin tsura ma ɗan kaɗan ne ke isa, kuma raddin na da ƙarfi. Duk da haka ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da zanen nan da ake nunawa, na jaka ta miƙe ɗoɗar daga sirinji zuwa ƙofar kansa kamar an ba ta kwatance.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne kalmar "fanko". A idonmu ɓawon fanko ne. A idon garkuwar jiki kuwa ɓarawo ne ya shigo gida da rigarsa. Bangon salmonela lulluɓe yake da wani sinadari da jikin ɗan Adam ya daɗe da haddacewa a matsayin alamar hari, shi ne ke jawo zazzaɓi da karkarwa idan bakteriya ta shiga jini. Abin da aka gani ke nan a gwaje-gwajen: bayan an sa ruwan, sai majinyaci ya fara rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, zafin jiki ya hau, daga baya ya sauka. Dole ta sa ake fara ba su magungunan kwantar da garkuwa da na zazzaɓi kafin allurar. A gwajin masu kansar tantanin huhun nan wasu sun sami matsalar zuciya, kuma martanin jiki ne ya ƙayyade adadin jakunkunan da za a iya bayarwa. Bayan haka jiki yakan koyi fuskar baƙon, ya ƙera masa makaman da za su tare shi idan ya dawo. Saboda haka duk wanda ya ce wannan hanya ba ta da illa, ya faɗi son ransa. Illarta daban ce da ta kemo, wato magungunan kansa masu guba irin doksorubisin, wataƙila ta fi sauƙi, amma tana nan.

Sai dai zazzaɓin nan na iya zama rabin maganin, kuma a nan tarihi ke da abin faɗa. A 1891 wani likitan fiɗa a New York, William Coley, ya lura da labarin majinyacin da ƙarinsa ya ɓace bayan ya yi fama da ciwon fata mai zafi da bakteriya ke kawowa. Sai ya fara sa wa masu kansa bakteriyar da gangan. Da wasu suka mutu sanadin cutar, ya koma amfani da matattun bakteriya iri biyu da aka kashe da zafi. Ya yi wa ɗaruruwan mutane, wasu kuma sun warke warkewar da ta ba kowa mamaki. Amma Coley bai taɓa jera majinyatansa da wasu don kwatanci ba, haɗin ma ba iri ɗaya ake yin sa ba daga wannan ɗakin haɗa magani zuwa wancan. Da ya rasu a 1936, abin da ya bari tarin labarai ne. Da Amurka ta kafa dokar 1962 mai neman hujjar cewa magani na aiki, haɗin Coley ba shi da abin nunawa.

A kwatanta shi da BCG, allurar rigakafin tarin fuka, wadda ita ma bakteriya ce da aka raunana. A 1976 Alvaro Morales a Kanada ya zuba ta cikin mafitsarar mutum tara masu kansar mafitsara, sau ɗaya a mako har mako shida. An ce shidan ta samo asali ne daga yadda kwalaben ke zuwa shida-shida a kwali, kuma har gobe mako shida ake yi. Mutum tara ba su fi na Coley yawa ba. Bambancin shi ne a 1980 Donald Lamm ya buga gwajin da aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ga waɗanda suka sami BCG ciwonsu bai cika dawowa ba. Wasu gwaje-gwajen suka biyo baya, a 1990 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince, yau kuma BCG ce kan gaba wajen maganin kansar mafitsara da ba ta shiga tsoka ba. BCG ba ta ɗauke da wata guba a cikinta. Garkuwar jiki take tsokana, garkuwar ta zo faɗa da ita ta haɗa da kansar.

Masu jakar bakteriya su ma sun karkata nan. A 2020 suka sake bugawa a Cancer Cell cewa jakunkunansu na tayar da garkuwar jiki a kan ƙarin, a gwajin fankiriyas kuma sun haɗa da jaka ta biyu wadda ba ta ɗauke da guba sam, sai wani sinadari mai zuga garkuwa. Na yaba da wannan, domin bin abin da sakamako ya nuna ne. Amma ya buɗe tambayar da ban ga ana yawan yi ba: idan majinyaci ya sami sauƙi, wane ne ya yi aikin? Gubar da ke ciki, ko hannun da ke laluben EGFR, ko ɓawon kansa?

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan wannan dabara, a ganina, ita ce irin kayan da za ta iya ɗauka. A gwajin fankiriyas an loda wani magani mai suna PNU-159682, dangin doksorubisin ne amma ya ninka shi ƙarfi sau ɗaruruwa, ba mai iya zuba shi tsura a jinin mutum ya kwana lafiya. A cikin jaka kuwa mutane sun karɓe shi. Haka guntayen saƙon gado da aka yi amfani da su a kan kansar tantanin huhun nan, waɗanda jini ke narkarwa nan take idan ba a rufe su ba. Idan akwai inda ɓawon bakteriya zai yi abin da wasu ba su iya ba, to nan ne. Wajen ɗaukar doksorubisin kuwa an riga shi, tun 1995 aka amince da Doxil, wanda ke rufe maganin cikin ƙwallon kitse. Darasin Doxil ma abin lura ne: ya rage wa zuciya wahala ƙwarai, amma a gwajin kansar mama bai ƙara wa mata tsawon rai a kan maganin tsura ba. Rage wahala ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya yi jinyar mai kemo ya sani. Sai dai a kira shi da sunansa.

Akwai masu cewa wanda likita ya ba watanni ba shi da lokacin jiran gwajin shekara biyar. Na ji wannan, kuma ban ga laifin majinyacin da ya shiga gwaji da idonsa buɗe ba, hasali ma da irinsu ake samun ci gaba. Laifin yana kan mai ba da labari da zai ɗauki sakamakon ɓeraye ya rubuta "an gano maganin kansa", da mai neman masu zuba jari da zai ɗaga hoton mutum ɗaya ya ɓoye ashirin. A 2022 mutum kusan miliyan 20 ne aka gano suna da kansa a duniya, wajen miliyan 9.7 suka rasu. Kowane irin wannan kanun labari yana faɗawa ne a hannun wani da ke zaune a gefen gado, kuma shi ne zai je ya tsare likita da tambayar me ya sa ba a ba nasa wannan sabon ba.

Ana kuma cewa tunda bakteriya a tulu take girma, maganin zai yi araha. Wataƙila. Amma rainon bakteriya shi ne mai sauƙin. Tsadar tana wajen tacewa har a tabbatar babu mai rai ko ɗaya cikin biliyoyi, da ƙera furotin mai hannu biyu, da kuma wanda ya riƙe haƙƙin mallaka. BCG ma ta nuna cewa araha ba ta tabbatar da samuwa. Bayan da masana'antar kamfanin Sanofi da ke haɗa BCG a Toronto ta tsaya a 2012 saboda gurɓata, daga baya kamfanin ya bar sana'ar gaba ɗaya, kamfanin Merck kaɗai ya rage wa Amurka, har likitoci suka riƙa raba kwalba ɗaya wa mutum uku.

Gwajin da nake son gani ba boyayye ba ne. A raba majinyata ta ƙuri'a, kowa ya sami maganin da aka saba, sannan wasu a ƙara musu jaka mai guba, wasu jaka fanko, wasu kuma ba a ƙara musu komai ba, a ƙirga watannin da kowane rukuni ya rayu da yadda ya rayu. Rukunin jaka fankon nan shi ne zai fi wuyar samu, domin babu kamfanin da zai yi ɗokin kashe miliyoyin daloli don ya gano cewa ɓawon da ba komai a cikinsa ya yi daidai da hajarsa. Hukumomin bincike na gwamnatoci da ƙungiyoyin yaƙi da kansa su ya kamata su biya kuɗin wannan rukuni, kamar yadda Cibiyar Kansa ta Amurka ta ɗauki nauyin gwajin BCG na Lamm.